Baƙo a Garin Masara: Yadda 'Ya'yanmu Ɗaliban Musaya Ke Sabawa da Ƙananan Garuruwan Amurka

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SAI A SASSAUTA)

MAI GABATARWA:

 

A yau za mu bi sawun 'ya'yanmu 'yan sakandare, masu shekara 15 zuwa 17, waɗanda ake zaɓa su je su yi shekarar karatu guda a Amurka, a hannun iyalan da ba su taɓa gani ba. Da an ce Amurka, hankalin mutum kan tafi ga New York da dogayen benayenta. To amma da yawa daga cikin yaran nan ba can ake sauke su ba. Ana kai su ƙananan garuruwa ne, masu mutum dubu biyu ko uku, inda titin kasuwa ɗaya ne, makarantar sakandare ɗaya ce, ga dogon rumbun hatsi a bakin hanyar jirgin ƙasa, ga tankin ruwa an rubuta sunan garin a jikinsa, sannan gonaki iya ganinka. Yaya yaron da ya tashi cikin hada-hadar Kaduna, ko yarinyar da ta saba da gida mai cike da 'yan'uwa a Sakkwato, za su yi su saba da irin wannan wuri? Ku gyara zama.

(KIƊA)

Bari mu fara da asalin tafiyar. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, zargi da rashin fahimta sun yi kaka-gida tsakanin Amurkawa da al'ummar Musulmi. A shekarar 2002, wasu sanatoci biyu daga jam'iyyu masu hamayya da juna, Edward Kennedy na jihar Massachusetts da Richard Lugar na jihar Indiana, suka jagoranci kafa wani shirin musayar ɗalibai da aka fi sani da YES. Manufarsa ita ce a riƙa ɗauko matasa daga ƙasashen da ke da Musulmi masu yawa, su zauna a gidajen Amurkawa, su ci tare, su yi karatu tare, kowa ya ga ɗan'uwansa da idonsa. Rukunin farko ya isa a 2003. Najeriya na cikin ƙasashen da suka shiga shirin, haka ma Ghana da Kamaru, kuma daga Najeriya an riƙa ɗaukar Musulmi da Kirista, maza da mata. Ƙungiyar da ta daɗe tana kula da ɓangaren Najeriya, wato IRIS, mazauninta na garin Ames a jihar Iowa. Ana rarraba yaran a jihohi daban-daban, amma saboda wannan alaƙa, Iowa za mu ɗauka a matsayin misali.

Iowa jiha ce ta manoma a tsakiyar Amurka. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 3, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 farar fata ne. Ita ce kan gaba a noman masara a duk faɗin ƙasar, kodayake mafi yawan masarar ba a tukunya take ƙarewa ba: ana ciyar da dabbobi da ita, ana kuma tace ta a yi man mota. Har ila yau ita ce kan gaba a kiwon aladu, waɗanda yawansu ya haura miliyan 20, wato sun ninka mutanen jihar sau da yawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa idan mun zo maganar abinci.

A watan Agusta yaran ke sauka, daidai lokacin da masara ta fi tsayin mutum kuma zafi ke kan ganiyarsa. Iyalan da ke karɓarsu ba a biyan su ko kwabo. Sa kai suka yi, suka ware gado, suka ƙara kujera a teburin cin abinci, suka je filin jirgi da kwali ɗauke da sunan yaron da suka sha wahalar koyon furtawa.

(KIƊA)

Mu ƙaddara wata yarinya ce daga cikin 'ya'yanmu, a darenta na farko. An kai ta ɗakinta, ta ajiye akwati, an kira ta cin abinci. Uwar riƙonta ta zuba mata, ta ɗan taɓa kaɗan, don ba a saba buɗe ciki a gidan baƙunta ba. Aka tambaye ta ko a ƙara, ta sunkuyar da kai ta ce ta ƙoshi. A gida, ai nan ne uwar gida za ta ce, “Haba 'yata, me kika ci? Miƙo kwanon nan,” a ja, a ja, har a ƙara mata. A nan kuwa, da ta ce ta ƙoshi, sai aka ɗauke faranti. Uwar riƙon ta nuna mata firiji ta ce duk abin da take so ta buɗe ta ɗauka, nan gidansu ne. Yarinyar da aka yi wa tarbiyyar cewa buɗe tukunyar wani abin kunya ne, ina za ta iya? Haka ta kwana da yunwa, tana juyi, tana tunanin mutanen nan ba su san darajar baƙo ba. Ita kuwa matar tana can ɗakinta cikin damuwa: yarinyar ba ta son girkina, ba ta kallon idona idan ina magana, ko dai ba ta ji daɗin zuwa gidanmu ba ne?

Jama'a, babu mai laifi a cikinsu. Kowacce ta yi abin da ake kira ladabi a inda ta fito. A wurinmu kawaici da kara su ne adon ɗa na gari: ka ji yunwa ka daure, ka ga abin da bai yi maka ba ka kau da kai, babba na magana ka dubi ƙasa. A garuruwan nan kuwa, abin da ka furta shi ake ɗauka. Ka ce a'a, an gama. Ka yi shiru, a ɗauka fushi kake. Ka ƙi haɗa ido, a yi zaton akwai abin da kake ɓoyewa. Saboda haka babban darasin makonnin farko shi ne yaro ya koyi buɗe baki cikin ladabi ya faɗi abin da ke ransa: ina jin yunwa, ina jin sanyi, ban gane ba, a maimaita mini. Matambayi ba ya ɓata. Yaron da ya gane wannan da wuri ya rage wa kansa wahalar wata da watanni.

Akwai sauran abubuwan mamaki a cikin gidan. Maigida na shiga kicin ya yi girki ya wanke kwanuka. Namiji da mace kowa na da aikinsa na gida, ba ruwansu da cewa kai baƙo ne, kuma a wajensu ba ka tsintsiya alama ce ta an ɗauke ka ɗan gida. Kare na iya kwana a falo, wani ma har kan gado. Banɗaki babu buta, sai yaro ya nemi 'yar roba ya ajiye, ya kuma yi wa mutanen gidan bayani don kada a ɗauka shara ce a jefar. Duk waɗannan, magana ɗaya a zaune take warware su. Idan yaro ya ce don Allah kada kare ya shiga ɗakin da yake salla, da wuya a samu iyalin da za su ƙi.

(KIƊA)

Yanzu ga maganar da ta fi damun iyaye, wato addini da abinci.

A jihar da kiwon alade ke riƙe da tattalin arzikin dubban gidaje, namansa na shiga abinci ta hanyoyin da baƙo ba zai zata ba. Yana cikin karin kumallo, yana kan fiza, ana samun kitsensa a wasu kayan gashi, ana samun sinadarin da aka sarrafa daga jikinsa a wasu alewoyi masu danƙo. Dole yaro Musulmi ya koyi karanta rubutun bayan kwali, ya kuma koyi tambayar masu raba abinci a makaranta ba tare da jin nauyi ba. Iyayen riƙo da yawa, da zarar sun fahimta, su da kansu suke zama masu gadin farantin yaron a wajen taro, su ce wannan kada ka ci, wancan babu komai.

Salla ma sai an tsara ta. Babu ladan da zai tashe ka da asuba, sai agogon waya. Alƙibla a can arewa maso gabas take. Ranar Juma'a ranar karatu ce cur, kuma masallaci mafi kusa na iya kasancewa tafiyar awa ɗaya ko biyu a mota, a birane irin su Des Moines ko Ames ko Iowa City. Ga shi ƙananan garuruwan ba su da motar haya, balle acaɓa ko Keke, kuma dokar shirin ta hana ɗalibin musaya tuƙi, alhali abokan karatunsa tun suna shekara 14 suke fara koyon mota. Duk inda za ka, sai ka roƙi a kai ka. Amma makarantu da dama kan ba ɗalibi wani lungu a ɗakin karatu ko ofishin malami ya yi azahar, idan ya nema. Da azumi kuwa, yayin da kowa ke ɗakin cin abinci, mai azumi kan koma laburare, kuma sau da yawa sai ka ga wani abokin karatu ya biyo shi don jin dalili, wani ma ya ce zai gwada na kwana ɗaya.

Akwai wani abu da kan sanyaya zuciyar yaro idan aka kai shi ya gani. A birnin Cedar Rapids na wannan jiha ta Iowa akwai wani ɗan ƙaramin masallaci da aka kammala a 1934, wanda baƙi daga yankin Siriya da Labanan suka gina. Ana yi masa laƙabi da uwar masallatan Amurka, domin yana cikin mafiya daɗewa da aka gina musamman don salla kuma har yau yana tsaye. Yaron da yake ganin shi ne mutum na farko da ya taɓa shimfiɗa darduma a tsakiyar gonakin nan, sai ya tarar wasu sun riga shi da shekaru sama da casa'in.

Ɗaliban da suke Kirista su ma suna da nasu sabon. Cocin ƙaramin gari sau da yawa shiru ne, awa ɗaya an tashi, babu ganga babu rawa irin ta gida. Amma coci a irin waɗannan garuruwa nan ne matattarar jama'a, kuma ta nan yaro kan fara sanin dattawan gari da sunayensu.

(KIƊA MAI SANYI)

Makonnin farko kan wuce cikin ɗoki. Komai sabo ne: motar makaranta mai ruwan ɗorawa, akwatin ajiyar littattafai mai lambar sirri, ɗalibai su ne ke sauya aji duk bayan darasi maimakon malami ya zo ya same su. Kowa na son ɗaukar hoto da baƙo. Sai a girbe masara a watan Oktoba, gonaki su zama fili fetal. Sai rana ta fara gajarta. A Disamba, kafin ƙarfe biyar na yamma rana ta faɗi. A Janairu sanyin dare kan kai digiri 10 ƙasa da sifili, wani lokaci ya zarce haka nesa ba kusa ba. Yaron da iyakar saninsa da sanyi shi ne hunturun gida, yanzu yana tsaye a bakin titi da sassafe cikin dusar ƙanƙara, ya saka riga uku da safar hannu, gashin hancinsa na daskarewa, yana jiran mota. Ɗokin baƙunta ya wuce, masu neman hoto sun koma harkokinsu, kuma babu kowa a waje. Ba dandali, ba majalisar ƙofar gida, ba mai shayi. A wannan lokaci ne kewar gida ke kama yaro da gaske.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1955 wani masanin zamantakewa ɗan ƙasar Norway, Sverre Lysgaard, ya yi nazari kan 'yan ƙasarsa da suka yi zaman karatu a Amurka, ya gano cewa farkon zama kan yi daɗi, tsakiya ta yi ɗaci, sannan a farfaɗo. Wani masanin al'adu, Kalervo Oberg, ya yi rubutu a 1960 kan gigicewar da ke samun wanda ya rasa duk alamomin da ya saba karanta mutane da su. Masu bincike na baya sun nuna ba kowa ne ke bin wannan tsari daki-daki ba. Duk da haka, amfanin sanin sa shi ne yaro ya gane cewa kukan da yake yi a watan Janairu ba gazawarsa ba ce, kuma yana wucewa.

A nan ne waya kan zama tarko. Tsakanin Najeriya da Iowa akwai tazarar awa 7 a lokacin sanyi. Lokacin da yaro ya taso daga makaranta da misalin ƙarfe uku na rana, a gida goma ta yi, ana shirin kwanciya. Sai ya kulle kansa a ɗaki yana WhatsApp da 'yan gida da tsofaffin abokai, ya raba dare, ya tashi da asuba ya ci gaba. Jikinsa na Iowa, hankalinsa na gida, mutanen da ke ƙasan bene suna jiran sa a tebur kuwa sun zama baƙi a wurinsa. Shi ya sa masu kula da shirye-shiryen musaya ke ba da shawarar a taƙaita kiran gida, a tsayar masa da lokaci.

(KIƊA)

To mene ne ke fitar da yaro daga wannan rami? Abin da aka fi gani shi ne ranar da ya samu abin yi wanda wasu ke dogara da shi a kai.

A ƙaramin gari makaranta ita ce zuciyar jama'a. Daren Juma'a a lokacin kaka, kusan kowa na filin wasan makaranta yana kallon ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita. Da sanyi ya shigo sai a koma cikin zaure, ga ƙwallon kwando, ga kokawa. E, kokawa. Mutanen Iowa na ji da kokawa kamar yadda ake ji da ita a Nijar da ƙasar Sakkwato. Gwarzonsu Dan Gable, haifaffen garin Waterloo, ya ci zinare a wasannin Olamfik na Munich a 1972 ba tare da an ci shi ko maki ɗaya ba. Kuma da yake ɗaliban makarantar ba su da yawa, ƙofa a buɗe take: ƙungiyar gudu na neman mutum, ƙungiyar mawaƙa na neman murya, masu wasan kwaikwayo na neman ɗan wasa, masu muhawara na neman mai baki. Ba sai ka ƙware ba. Ranar da ka yi fashin atisaye koci ya kira gida yana tambayar ina kake, ranar ka fara zama ɗan gari.

Shirin YES ya kuma ɗora wa ɗalibansa aikin sa kai. Wani ya je gidan kula da tsofaffi ya zauna da su, wani ya taya rabon abinci ga mabuƙata, wani ya kwashe wa tsohuwar maƙwabciya ƙanƙarar da ta toshe mata ƙofa. A nan tarbiyyar gida ke yi wa yaranmu rana. Yaron da ya saba gaida babba, ya karɓi kayan hannunsa, ya zauna ya saurari labarinsa ba tare da ƙosawa ba, tsofaffin garin ba sa mantawa da shi. Kunyar da ta hana shi cin abinci a daren farko, ita ce kuma ta koya masa girmama na gaba, kuma wannan ɓangaren nata ko'ina ana sayen sa da tsada.

A watan Nuwamba akwai makon ilimin ƙasa da ƙasa, inda ɗaliban musaya ke zagaya azuzuwa suna ba da labarin ƙasashensu. Yarinya ta sha atamfa da ɗankwali, yaro ya saka kaftani da hula, su tsaya gaban taswira. Tambayoyi za su zo, wasu masu daɗi, wasu masu ciwo. Kuna da motoci? Kuna ganin zaki a hanyar makaranta? Me ya sa kike rufe kanki? Yaya labarin Boko Haram? Mafi yawan masu tambayar ba da mugunta suke yi ba. Wataƙila wannan ne karon farko da suka zauna da ɗan Afirka ko Musulmi. Yaron da ya amsa da haƙuri, ya faɗi gaskiya kan abin da ke da kyau da abin da ke damun ƙasarsa, ya yi aikin da aka kafa shirin dominsa.

Sai kuma ranar da zai shiga kicin. Garin masara na nan a kanti, markaɗaɗɗiyar gyaɗa na nan a kwalba, alayyafo da kaza ba sa wuya. Ya tuƙa tuwo, ya kaɗa miyar gyaɗa, ya koya wa mutanen gidan wanke hannu su ci da yatsu. Manomin da ya shekara arba'in yana noma masara, sai ga shi yau yana cin ta a wata siffa da bai taɓa sani ba, daga hannun yaron da ke kiran sa Baba.

(KIƊA)

Masu sauraro, kada mu rufe ido kan cewa wani lokaci abin ba ya daɗi. Akwai yaron da zai gamu da kalaman wariyar launin fata ko na ƙyamar addini. Akwai gidan da jini bai haɗu ba, duk ƙoƙarin da aka yi. Dokokin gwamnatin Amurka kan musayar 'yan sakandare sun tanadi a binciki tarihin manyan da ke gidan kafin a ba su yaro, sun kuma wajabta a samu kodineta a yankin da zai riƙa tuntuɓar ɗalibi aƙalla sau ɗaya a wata. Idan zama ya gagara, ana iya sauya masa gida. Don haka, 'yata, ɗana, idan aka yi maka abin da ya taɓa mutuncinka, ko aka matsa maka kan addininka, ko wani ya kusance ka ta hanyar da ba ta dace ba, wannan ba wurin kawaici ba ne. Ka faɗa wa kodineta a ranar, ka faɗa wa iyayenka.

Ku kuma iyayenmu, akwai naku rabon aikin tun kafin a ɗaure akwati. Ku koya wa yaro, namiji ne ko mace, dafa abinci ko da kala biyu ne, da wanki, da gyaran gado. Ku tabbatar ya san hukuncin sallarsa da azuminsa daidai gwargwado, yadda zai iya yi shi kaɗai kuma ya yi bayani idan an tambaye shi. Ku sa masa 'yar tsaraba ta mutanen gidan, ko hula ce ko turmin atamfa. Idan ya kira yana kuka a tsakiyar sanyi, ku saurare shi, ku tambaye shi ko lafiyarsa da mutuncinsa na cikin aminci. In suna nan lafiya, ku ƙarfafa masa gwiwa ya sauka ƙasa ya zauna da mutanen gidan. Ku kuma gaisa da iyayen riƙonsa lokaci-lokaci, ko da ta bakin yaron ne, domin amanar ɗanku ce a hannunsu.

Bizar da ake ba su ta zaman wucin gadi ce, kuma sharaɗin shirin ne su koma gida idan shekara ta ƙare, wajen watan Yuni. Za su dawo da sauyi. Za su riƙa kallon ido, su riƙa tambayar dalili, su riƙa faɗin ra'ayinsu kai tsaye. Kada a yi saurin cewa sun lalace ko sun yi girman kai. Kamar yadda suka ɗauki watanni kafin su koyi zama a can, haka za su buƙaci lokaci su sake daidaita da gida, su tantance abin da ya dace su riƙe da wanda za su ajiye. A ba su wannan lokacin, a kuma ba su aikin yi a unguwa da makaranta, domin sun koyi yadda ake tara mutane a yi aikin gayya ba tare da jiran gwamnati ba, kuma muna da buƙatar hakan.

(KIƊAN RUFE SHIRI YA FARA A HANKALI)

To jama'a, a nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda neman ilimi ya kai su, ya haɗa su da mutanen kirki, ya dawo mana da su lafiya.  

(KIƊAN RUFE SHIRI)